Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ikkilisiyar Baptis Take Zaɓen 'Yan Mishan da Ɗaukar Nauyinsu

Waɗannan tambayoyi ne da sukan taso duk lokacin da wani ya tashi a ikkilisiya ya ce yana so a aike shi aikin bishara, ko kuma aka zo maganar baikon mishan. Ikkilisiyoyin Baptis ba hanya ɗaya suke bi ba, don haka inda aka rabu za mu faɗi yadda kowane ɓangare yake yi.

Wane ne yake aiken ɗan mishan, ikkilisiya ko hukumar mishan?

Ikkilisiya ce. A tsarin Baptis kowace ikkilisiya tana cin gashin kanta: ita take kiran fastonta, ita take riƙe kuɗinta, ba wani bishop ko hedikwata da zai ba ta umarni. Saboda haka ikon keɓe mutum a aike shi yana hannun taron membobi. Gurbin da ake koyi da shi yana cikin Ayyukan Manzanni 13:1-3, inda ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, ta sallame su. Da suka gama zagayen, Antakiyar suka komo, suka tara jama'a suka ba da labarin abin da Allah ya yi, kamar yadda ƙarshen sura 14 ya nuna.

Hukumar mishan kuwa kayan aiki ce da ikkilisiyoyi suka ƙirƙira don abin da guda ɗaya ba za ta iya ba: neman biza, aika kuɗi ƙetare, inshorar lafiya, sanin ƙasar da za a je, da kwaso mutum idan rikici ya ɓarke. Ta farko a wurin Baptis an kafa ta a garin Kettering na Ingila a watan Oktoba na 1792, da gudummawar fam 13 da sule 2 da kwabo 6. Ita ta aiki William Carey zuwa Indiya a 1793. Akwai kuma 'yan Baptis da har yau ba su yarda da hukuma ba sam, suna cewa ba su ga irinta cikin Sabon Alkawari ba, sai su aika mutanensu kai tsaye.

Idan mutum ya ce Allah ya kira shi, mu su wane ne da za mu tsaya bincikensa?

Ba a musun kiran da mutum ya ji a zuciyarsa, amma ba shi kaɗai ake bi ba. A Antakiya, ikkilisiya Ruhu Mai Tsarki ya yi wa magana, kuma mutanen da aka keɓe sun riga sun yi shekara guda cur suna koyarwa a cikinta. Timoti ma, kafin Bulus ya ɗauke shi, 'yan'uwa na Listira da Ikoniya sun yi masa kyakkyawar shaida. Wanda kiransa na gaske ne bincike ba ya rage masa komai, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya fusata don an yi masa tambaya kuwa, ya riga ya amsa wata tambayar da ba a kai ga yi ba.

To, me ake dubawa a jikin mai neman a aike shi?

Abu na farko shi ne shaidar tubansa da baftismarsa, da daɗewarsa a matsayin memba. Ikkilisiyoyi da yawa ba sa duba takardar wanda bai yi shekara biyu ko uku a cikinsu ba, domin ba za ka ba da shaidar wanda ba ka zauna da shi ba.

Sai hali. Ma'aunin da ake ɗauka shi ne na 1 Timoti 3 da Titus 1: marar abin zargi, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa. Kwamiti mai hankali ba ya tsayawa kan sunayen shaidu uku da mutumin ya rubuta da hannunsa, domin kowa masoyansa zai kawo. Yakan tambayi kowane shaida ya ambaci wani mutum dabam da ya san ɗan takarar, sa'an nan ya bi wancan. A zagaye na biyu ne ake jin yadda yake yi idan ransa ya ɓaci, da ko yana biyan bashi, da ko ya taɓa neman gafarar wani.

Sai kuma abin da yake yi yanzu. Tambayar da ta fi kowace tona asiri gajeriya ce: "Wa kake koya wa Maganar Allah a wannan watan, ina sunansa?" Wanda bai taɓa yi wa maƙwabcinsa bishara da harshen da aka haife shi da shi ba, jirgin sama ba zai mai da shi mai bishara ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ana duba koyarwarsa, ko ta yi daidai da shaidar bangaskiyar ikkilisiya: ceto ta wurin alheri, baftismar masu bi ta nutsarwa, ikon Littafi Mai Tsarki, 'yancin ikkilisiya. Wannan ba wasa ba ne a wurin Baptis. A 1812 Adoniram Judson da matarsa Ann sun bar Amurka a ƙarƙashin wata ɗarika dabam. Nazarin da suka yi kan baftisma a hanya ya sa suka karɓi ra'ayin Baptis, aka yi musu baftisma a Kalkata, suka rubuta wa masu aikensu cewa ba za su ƙara karɓar kuɗinsu ba. Abokinsu Luther Rice ya koma gida neman masu riƙe su, kuma daga wannan yawo nasa aka kafa tarayyar Baptis ta farko ta Amurka a Filadelfiya a 1814.

Akwai sauran abubuwa da mutane ba sa son a taɓa: lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, bashin da ke kansa, tarihin aurensa, da binciken ko an taɓa kama shi da cin zarafin yara. Na ƙarshen nan ba a ɗaga wa kowa ƙafa, ko ɗan fasto ne.

Dole ne sai ya yi makarantar tauhidi?

Ya danganta da aikin. Wanda zai dasa ikkilisiyoyi ko ya horar da fastoci, galibin hukumomi suna neman ya yi karatun tauhidi sosai. Likita, malamar asibiti, malamin makaranta ko masanin noma, takardar sana'arsa ake fara dubawa, a ƙara masa da wasu darussan Littafi Mai Tsarki. Carey kansa mai gyaran takalma ne, da kansa ya koyi Helenanci da Ibrananci. Abin da ba a yafe wa kowa shi ne koyon harshen mutanen da za a je wurinsu, wanda yakan cinye shekara ɗaya ko biyu na farko.

Ana yi wa matarsa tambayoyi ita ma? Mace marar aure fa?

Ana yi, kuma ya kamata a zauna da ita ita kaɗai, mijin yana waje. Wata dattijuwa a kwamiti takan ce mata, "'Yata, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ke ma kin ji kiran nan, ko bin maigida kawai kike yi?" Shirun da yakan biyo baya yana da muhimmanci kamar amsar. Tarihi ya koya wa Baptis wannan da zafi. Dorothy, matar Carey, da farko ta ƙi tafiya, daga baya aka shawo kanta. A Indiya ɗansu mai shekara biyar ya mutu a 1794, hankalinta ya gushe, ba ta warke ba har ta rasu a 1807.

Mata marasa aure kuwa suna cikin ginshiƙan aikin tun da daɗewa. Lottie Moon ta tafi ƙasar Sin a 1873, ta yi kusan shekara 40 a can har rasuwarta a 1912. Ikkilisiyoyi sun bambanta kan ko mace za ta riƙe muƙamin fasto, amma kan aike ta aikin bishara da wuya ka ji gardama.

Wa yake yanke shawara ta ƙarshe?

Taron membobi. Kwamitin mishan yana bincike, fasto da dikinoni suna dubawa, sa'an nan a kawo sunan gaban ikkilisiya. Ɗan takarar yakan ba da shaidarsa, ya amsa tambayoyi, ya fita, a kaɗa ƙuri'a. Idan akwai hukuma a ciki, ita ma tana da nata tantancewar, kuma ba ta karɓar wanda ikkilisiyarsa ba ta tsaya masa ba. Bayan haka sai sujadar keɓewa, a ɗora hannu a yi addu'a.

Amsar ba "i" ko "a'a" kaɗai ba ce. Sau da yawa amsar da ta fi dacewa ita ce "ba yanzu ba": je ka biya bashinka, ka yi shekara guda kana koyar da ajin Lahadi, ka dawo. Yohanna Markus ya gudu daga tafiyar farko har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti shi ne yake cewa a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

Manyan hanyoyi biyu ne.

Ta farko ita ce asusun haɗin gwiwa. Kowace ikkilisiya tana ware wani kaso na abin da ya shigo mata ta tura wa tarayya, tarayya kuma ta biya 'yan mishan albashi. Mafi shahara a wannan tsari ita ce tarayyar Baptis ta kudancin Amurka, wadda aka kafa a 1845, ta kuma soma shirin haɗa kuɗi wuri ɗaya a 1925. Ikkilisiya ce take yanke kason da za ta bayar, ba a ɗora mata. Tarayyar jiha ta riƙe wani ɓangare, ta tura saura zuwa ta ƙasa, inda kusan rabi yake tafiya ga hukumar mishan ta ƙetare da ke Richmond a jihar Bajiniya. Ban da wannan akwai baiko na musamman lokacin Kirsimeti mai ɗauke da sunan Lottie Moon. Matan ikkilisiyoyi ne suka fara shi a 1888 bayan wasiƙun da ta yi ta aikowa daga Sin tana roƙon a turo mataimaka, suka tara sama da dala 3,000. Yau wannan baikon ne yake ɗaukar fiye da rabin kasafin hukumar. Tarayyoyin Baptis na ƙasashe da dama, irin su Najeriya da Brazil da Koriya ta Kudu, suna da hukumominsu da suke aika nasu mutanen.

Ta biyu ita ce ɗan mishan ya nemi tallafinsa da kansa, kamar yadda ikkilisiyoyin Baptis masu zaman kansu suke yi. Bayan an amince da shi, sai ya shiga zagayen ikkilisiyoyi. Ya kira fastoci da yawa kafin ɗaya ya ba shi rana. Ya ɗebi iyalinsa a mota su yi tafiya mai nisa, ya shimfiɗa tebur a bakin ƙofar majami'a da taswirar ƙasar da za shi da katunan addu'a masu hoton iyalin, a ba shi minti goma ko wa'azin yamma, a karɓa masa baiko. Bayan wata ɗaya ko biyu wasiƙa ta iso cewa ikkilisiyar ta amince za ta riƙa ba da wani abu kowane wata, ko kuma shiru ya biyo baya. Haka zai yi ta yi har alkawuran su cika kasafin da hukuma ta yanka masa, abin da yakan ci shekara biyu zuwa uku. Irin waɗannan ikkilisiyoyi sukan tara kuɗin mishan ta hanyar da ake kira alkawarin bangaskiya: sau ɗaya a shekara, lokacin taron mishan, kowane memba ya rubuta a kati abin da zai riƙa bayarwa ban da zakkarsa, galibi ba tare da sa suna ba. Jimillar katunan ita ce kasafin mishan na shekarar.

Wacce hanya ta fi?

Kowacce tana da inda take ciwo. Asusun haɗin gwiwa yana hutar da ɗan mishan daga roƙo, ya sa ƙaramar ikkilisiya ta sa hannu a aikin da ya fi ƙarfinta, kuma ba a fifita mai daɗin baki a kan mai aiki a ɓoye. Illarsa ita ce membobi suna iya shekara goma suna bayarwa ba su san sunan ko mutum ɗaya da kuɗinsu yake riƙewa ba. Idan kuma asusun ya girgiza, kowa yakan ji a jikinsa lokaci ɗaya: tsakanin 2015 da 2016 ƙarancin kuɗi ya sa sama da mutum 1,000, 'yan mishan da ma'aikatan ofis, suka bar hukumar Richmond.

Neman tallafi da kai yana ƙulla zumunci na gaske, domin jama'a sun ga fuskar mutumin, sun ci abinci da 'ya'yansa. Amma shekarun da aka ɓatar a kan hanya shekarun ƙuruciya ne da ya kamata a ce an yi su ana koyon harshe, kuma wasu sukan gaji su janye tun ba su taka ƙasar ba. A ganina, abin da ya fi tsarin muhimmanci shi ne a sami ikkilisiya guda da ta san cewa wannan mutum nata ne, ko ta wace hanya kuɗin yake bi.

Me kuɗin yake biya, kuma wa yake yanke yawansa?

Hukuma ce takan tsara kasafin bisa tsadar rayuwa a ƙasar da za a je da yawan iyalin. A ciki akwai abin zaman gida, haya, asibiti, karatun yara, biza, kuɗin jirgi, ajiyar tsufa, da kuɗin aikin kansa kamar sufuri da buga littattafai. Akwai kuma na tashi sau ɗaya, wato tikiti da kayan gida da abin hawa. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne canjin kuɗi: alkawarin da aka yi shekara biyar da suka wuce yana nan yadda yake a takarda, alhali abin da yake saya ya ragu sosai, ɗan mishan kuwa kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Aikin kwamiti ne ya tambaya kowace shekara. Kuɗin aiki kuma a raba shi da na gida, a bi shi da rasit. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, kamar yadda 2 Korintiyawa 8 ta nuna.

Ai Bulus ɗinkin tanti ya yi. Me zai hana su ma su nemi na kansu?

Ya yi, a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Amma shi ne kuma ya rubuta a 1 Korintiyawa 9:14 cewa masu shelar bishara su ci daga bishara, ya kuma gode wa Filibiyawa da suka aika masa taimako ba sau ɗaya ba. Duka biyun suna da gurbi. George Liele, baƙar fata da aka 'yanta daga bauta a Amurka, ya isa Jamaika wajen 1783 ba tare da wata hukuma a bayansa ba, yana noma da dakon kaya da keken doki yana wa'azi. Carey ya yi aikin kula da masana'antar shuni, daga baya ya koyar a kwaleji a Kalkata yana zuba albashinsa cikin asusun mishan. A yau ma akwai ƙasashen da ba a shiga sai da sana'a. Abin lura shi ne mai sana'a lokacinsa rabe yake, kuma rashin karɓar albashi bai fitar da shi daga ƙarƙashin kulawar ikkilisiya ba.

Gara mu tallafa wa mutane da yawa da kaɗan-kaɗan, ko mutane kaɗan da kauri?

Allon majami'a mai hotuna hamsin yana da kyan gani. Sai dai a duba ta ɓangaren ɗan mishan: idan ikkilisiyoyi sittin ne suke riƙe da shi, hutun da ya zo gida zai ƙare a kan titi yana bin su ɗaya bayan ɗaya da rahoto, ya koma fagen aiki a gajiye fiye da yadda ya zo. Idan kuma matsala ta taso, kowace ikkilisiya za ta ɗauka wata ce za ta kula. Masu goyon bayan yawaitawa suna da hujjarsu, cewa in guda ta janye ba za a ji sosai ba. Duk da haka na fi karkata ga ikkilisiya ta ɗauki kaso mai tsoka na waɗanda suka fito daga cikinta, sa'an nan ta ƙara wasu kaɗan da za ta iya sanin sunayen 'ya'yansu.

Ban da kuɗi, me ake bukata daga gare mu?

Kafin Carey ya tashi, ya ce wa abokansa shi zai sauka cikin ramin, amma su riƙe igiyar. Andrew Fuller ya riƙe ta a matsayin sakataren hukumar da ta aiki Carey har mutuwarsa a 1815, yana yawon Ingila da Sikotlan yana tara taimako yana amsa wasiƙu.

Riƙon igiya a yau shi ne a karanta wasiƙar addu'arsa a taron tsakiyar mako, a yi addu'a kan abin da ya rubuta da sunayen da ya ambata, wani kuma ya ba shi amsa. A sa mutum biyu ko uku su zama nasa na musamman, waɗanda zai iya gaya wa abin da ba ya shiga wasiƙa. Fasto ko dikin ya kai masa ziyara, gani ya kori ji. A leƙa tsofaffin iyayensa da ya bari. In ya zo hutu, wanda a al'adar da yakan zama shekara ɗaya bayan huɗu, yanzu kuwa an fi yin gajere akai-akai, a tanadar masa masauki da abin hawa, a bar shi ya huta kafin a ɗora shi kan bagade. Ga wanda yake ƙasar da bishara take da haɗari, kada a sa sunansa ko hotonsa a intanet sai da izininsa.

Idan shekaru sun wuce ba mu ji wani ya tuba ba fa?

Carey ya yi shekara bakwai kafin ya ga baftismar mutum na farko a ƙarshen 1800. Judson ya isa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1813, na farko ya tuba a 1819. Da ƙidaya ake bi, da an dawo da su duka biyun. Abin da ake tambaya shi ne aminci: ya iya harshen? Yana fita cikin mutane? Wa yake horarwa? Yana zaman lafiya da abokan aiki da shugabannin ikkilisiyar wurin? Matsa wa mutum lamba kan adadi ba ya haifar da komai sai rahoto mai ƙari.

Yaushe ake yanke tallafi, kuma ta yaya?

Dalilan da aka saba su ne barin koyarwar da aka aike shi a kanta, faɗuwa cikin zunubin da ya hana shi hidima, cin amanar kuɗi, ƙin ba da rahoto bayan an yi ta nema, ko sauya aiki zuwa abin da ikkilisiya ba ta amince da shi ba. A kowane hali a fara jin ta bakinsa, a tuntuɓi ikkilisiyar da ta aike shi da hukumarsa, kada a yanke hukunci kan jita-jita. Tun da taron membobi ne ya ɗauke shi, taron ne kuma zai sauke shi.

Idan dalilin ƙarancin kuɗin ikkilisiya ne, a faɗa masa gaskiya da wuri, a ba shi wata shida ko fiye ya nemi madadin. Ko da laifi ya yi, matarsa da 'ya'yansa ba su yi ba, don haka kuɗin dawowarsu gida da na 'yan watannin farko yana wuyan waɗanda suka aike su. Wanda ya tsufa a fagen aiki kuwa, ikkilisiyoyi da yawa sukan ci gaba da ba shi wani kaso bayan ya yi ritaya, musamman idan an aike shi a zamanin da ba a yi masa ajiyar fansho ba.